Awon Tela a Jikin Katako

A duk layin shagunan nan babu mai kiran telan da sunansa. Zai-girma ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Ka kai masa ɗinkin yaro, ka dawo ka tarar hannun riga ya haɗiye yatsu, wando yana sharar ƙasa, kana buɗe baki za ka yi ƙorafi sai ya ɗaga maka hannu da alli a tsakanin yatsunsa ya ce, "Zai girma." Har kafintan da shagonsa ke manne da nasa, mutumin da furfura ta gama cinye wa gemu, ya taɓa karɓar wandon da mutum biyu za su shiga su zauna su yi hira, aka kuma faɗa masa wannan magana ba kunya ba tsoro. Telan ba mugu ba ne, kuma ya iya aikinsa. Hannunsa ne kawai ya saba, in ya ja layin awo sai ya matsa waje da faɗin yatsa uku kafin almakashi ya sauka. Shi a ganinsa abin da ya yi yawa ana iya rage shi, wanda ya yi kaɗan kuwa sai dai a ba mai shi haƙuri.

In ka cire keken ɗinki, babu abin da yake so a duniya kamar jita. Ya iya kaɗa ta daidai gwargwado, 'yan waƙoƙin da ya koya tun yana saurayi, bai ƙara ko ɗaya a kansu ba, bai kuma gaji da su ba. Jita huɗu ce a gidansa: tasa, tsohuwa mai tabon kofin shayi a ciki, sai uku da ya saya wa 'ya'yansa, kowanne a shekarar da ya shiga firamare. Burinsa wata rana su jeru su huɗu a baranda da yamma, kowa da tasa, maƙwabta su riƙa leƙowa ta katanga. Babban ɗan ya riƙe tasa 'yan kwanaki ya ce yatsunsa na zafi. Ta tsakiya, ita kaɗai ce mace, ta fi su naci, ta daure wata da watanni kafin ta jingine ta. Auta kuwa kifa tasa ya yi ya mayar da ita ganga. Yanzu duk sun girma sun watse, kowa da garin da aiki ya kai shi, jitocin kuma suna kwance a jere a kan gadon ɗakin yara, an lulluɓe su da zanin gado.

Matarsa tsohuwar nas ce. Ta yi ritaya, amma ba ta ajiye sunan Sista ba, ba ta kuma ajiye halin asibiti ba. Gidan kullum ƙamshin maganin goge ƙasa yake, kofi in ya yi ɗan tsagu ranar zai bar gidan, zanin gado kuwa sai ta ja shi har ya yi ƙara. Jitocin nan majinyata take ce musu. Da safe takan tura ƙofar ɗakin ta leƙa, sannan ta juyo ta tambayi mijinta yaya masu jiki suka kwana. Shi kuma ya ce da sauƙi, a yi dariya a wuce. Haka aka yi shekaru ana wannan wasa, har ranar da wasan ya ƙare a kan teburin karin kumallo.

Inna, mahaifiyar Sista, gwiwoyinta sun ƙi, zaman kaɗaici ya gagare ta. Za ta dawo gidansu da zama ranar Asabar mai zuwa, ƙanin Sista mai tuƙa motar ɗaukar kaya shi zai kawo ta. Gadon ɗakin yara shi ne nata, don haka za a sallami majinyata.

Zai-girma ya ce a tura su ƙarƙashin gado. Sista ta tuna masa cewa kullum sai ta kai tsumma mai ruwa can. Ya ce to saman durowar kaya. Ta ce labulaye sun cika wajen. Ya ce a rataye su a bango, ta tambaye shi ko ya manta abin da mai gidan haya ya yi musu a kan ƙusa ɗaya tal ta agogo. Daga nan ta tashi ta ɗauko igiya, ta auna ɗan filin da ke tsakanin firiji da ƙofar falo, ta yanke ta miƙa masa.

"Ga filinka, Baban yara. Duk wadda ta iya tsayawa da kanta a nan, ta zauna. Wadda ba ta iya ba, motar da ta kawo Inna ita za ta tafi da ita. Ƙanin nan nawa ya san masu sayen kayan gwanjo."

Ya san Sista, in ta yanke magana ba ta sake ɗinke ta. Ya naɗe igiyar ya sa a aljihu, shayin ma bai ƙarasa ba. Abin da ke damunsa ya fi katako da tsirkiya. Muddin jitocin nan suna cikin gidan, zaman barandar nan ba a fasa shi ba, ɗaga shi kawai aka yi. Ranar da suka hau mota kuwa an fasa ke nan, kuma wannan ne zuciyarsa ta ƙi ɗauka.

Yana isa shago ya wuce wajen kafinta ya zayyana masa komai. Kafintan ya saurara yana sosa gemu, ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne, ya dawo jibi-jibin nan in Allah ya yarda. Zai-girma ya tsaya yana kallonsa. Wannan muryar, wannan kallon gefe, da yadda aka ja "jibi-jibin nan", duk ya san su, don shi ma da su yake sallamar masu ɗinki. Ya ce wa kafintan su bar yaudarar juna, su duka 'yan sana'a ne, ya ara masa zarto da guduma kawai, shi zai yi abinsa. Kafintan ya yi dariya har da tari, ya jawo masa ragowar katakon wata durowa da ya gama, daidai wanda zai isa ba ƙari. Ya zana masa fasalin a jikin bango da gawayi: katako biyu a tsaye hagu da dama, sanduna biyu a ƙasa inda gindin jitocin zai zauna, da 'yan guntaye masu raba tsakaninsu, sai faffaɗan katako ɗaya a sama da za a yanke wa gurbi huɗu, kowane wuya ya shiga nasa. Yana miƙa masa zarton ya ce ya dai kula, katako ba yadi ba ne.

"Ni za a koya wa awo?" in ji Zai-girma. Ya rataya tef ɗinsa a wuya ya fita.

Da yamma ya yaye wa majinyata zanin gado ya auna su ɗaya bayan ɗaya, wuya da ƙugu da kauri, har yana ce wa ta Auta ta tsaya sosai ta daina motsi. Washegari ya shimfiɗa katakon a bayan shago ya ja layuka da shuɗin allin ɗinki. Ya sa alamar wuyan jitarsa, hannu ya matsa yatsa uku hagu, ya matsa yatsa uku dama. Haka ya yi wa sauran, haka ya yi wa guntayen ƙasa. Bai ma san ya yi ba, kamar yadda mutum ba ya sanin ya ƙifta ido.

Yankan kuwa sai wanda ya gani. Almakashi yana jin maganarsa, zarto kuwa gaban kansa yake yi: ya tura shi gabas ya nufi kudu, ya danna ya lanƙwashe, ya sassauta ya tsaya cik. Gumi ya jiƙa masa riga, garin katako ya cika masa gira. Ya jera ƙusoshi a baki yadda yake jera allurai, har sai da wata mai karɓar ɗinki ta yi masa sallama ya nemi amsawa ya kusa haɗiye ɗaya. Ita ma ya ce mata ta dawo jibi-jibin nan, kafinta yana ji daga shagonsa yana ƙyaƙyata dariya. A rana ta biyu guduma ta bar ƙusa ta sauka a kan babban yatsansa. Da ya koma gida Sista ta kama hannun ta juya shi, ta wanke, ta shafa magani ta naɗe, sannan ta ɗago ta dube shi. Wannan kallon ya fi gudumar zafi.

Abu ɗaya ne ya yi masa daɗi, gugar katako da samfefa. Ya ce wannan ai guga ce, dutsen ne kawai babu. Ya bi kowane gurbi yana gogewa yana shafawa da tafin hannu har ya yi santsi, yana rera waƙarsa ta samartaka a maƙoshi. Masu wucewa suna tsayawa su tambaye shi ko benci ne, ko matakala, ko abin shanya takalma. Kowa ya ba shi amsa ɗaya, cewa su jira su gani.

Ranar Juma'a da la'asar ya ɗora abinsa a baro ya turo har gida, yana tafe yana amsa gaisuwa kamar wanda ya sayo sabuwar mota. Mazaunin ya shige tsakanin firiji da ƙofa cif, tunda tsawon da igiyar Sista aka yanke shi. Ya kira ta ta zo ta shaida. Ta fito daga kicin tana goge hannu, ta tsaya ta harɗe hannuwa a ƙirji.

Ya ɗauko tasa ya sa a gurbin farko, sai ta babban ɗan, sai ta 'yarsa, ta Auta a ƙarshe. Ya ja da baya ya buɗe hannu. Sun tsaya, ba a ce ba su tsaya ba, amma kowace ta karkace gefe guda, wuyanta yana yawo a cikin gurbi kamar yaron da ya sa rigar babansa. Sista ta sauke hannuwanta. Ta buɗe firiji ta ɗauko ruwa, ta mayar da ƙofar ta rufe yadda ta saba rufewa. Tasa ta faɗa kan ta babban ɗan, ta babban ɗan ta tura ta 'yar, ta 'yar ta mangari ta Auta, ita kuwa ta Auta ta zame ta kwanta a ƙasa da wata ƙara da ta daɗe tana zagaya falon.

Ya ɗauke ta da sauri ya duba, ba ta fashe ba. Ya sake jera su, ya ce a hankali ake rufe firiji. Wannan karon wata babbar mota ce ta wuce a titi, aka maimaita abin da aka yi. Ya fara bayani, cewa ai sarari ya bar musu, don aiki mai kyau ba a matse shi.

"Su ma za su girma ne?" in ji Sista.

Ya ce ba komai, yanzu zai rage. Ya sa hannu a aljihu zai ciro allura, sai ya tsaya da hannun a ciki yana kallon gurbin. Rami ne ya yanke a jikin katako, kuma ba a tattare bakin rami a ɗinke. Katakon ya ƙare, kafinta ya kulle shago tun azahar ya tafi wajen 'yar'uwarsa sai Litinin, Inna kuma gobe da yamma take isowa.

Mutum in ya ji kunya sai ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, shi ma haka ya yi. Ya ce dama shi kaɗai ne a gidan nan ya san darajar abin kiɗa. Ya ce ya hana kansa ya saya wa yara jita mai kyau, irin ta manya, babu ɗayansu da ya duba wahalarsa, duk sun watsar sun kama gabansu. Ya yi ta faɗa yana nuna jitocin da yatsansa mai bandeji. Sista ta bar shi har ya kai aya, sannan ta ajiye kofin ruwan a kan firiji.

"Irin ta manya, ka faɗa da bakinka. Yarinya ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba, ka ɗora mata jitar da ta fi ta tsawo. Hannunta bai zagaye wuyan ba, ta yi ta miƙa yatsu har tana kuka a ɗaki, kai kuma kana cewa za ta girma. Sun girma, Baban yara. Kafin hannunsu ya kai, sun riga sun tafi."

Ya ɗauki jitar 'yarsa ya kama wuyan, ya ga shi kansa da ƙyar babban yatsansa ya taɓa na tsakiya. Sai ya tuna ta zaune a bakin gado, ta kwantar da jitar a cinya kamar faranti saboda ba ta iya rungumarta, harshe a waje, tana danna tsirkiya da yatsu biyu a haɗe. A lokacin dariya abin ya ba shi. Yanzu kuwa kunya ce ta rufe shi, da wani baƙin ciki, don shekara da shekaru yana jin haushin yara a kan abin da hannunsa ne ya auna. Ya mayar da jitocin kan gado ya lulluɓe su, ya ce wa Sista in motar ta zo gobe a kwashe su duka har da tasa. Tun da suka yi aure, ranar ce ta farko da ya bar abincin yamma a kwano.

Da safe bai buɗe shago ba. Yana zaune a baranda yana kallon yatsansa sai ya ji ana jan wani abu a ƙasa. Sista ce ta fito da wata ƙatuwar jaka, ɗaya daga cikin waɗanda ke saman durowa, waɗanda aka ce masa labulaye ne. Ta dire ta a gabansa ta zuge.

Babu labule ko ɗaya a ciki. Kayan yara ne, duk ɗinkin hannunsa, a wanke a goge a ninke. Ga gajeren wandon babban ɗan mai ruwan ƙasa da ya taɓa sauka har ƙwauri, ga rigar Auta mai ratsin ja da fari, ga doguwar rigar 'yarsa, rawaya mai ƙananan furanni. Matar da ke korar kofi daga gida saboda ɗan tsagu, ashe shekaru tana ɓoye da wannan a saman kansu. Ya ɗago ya dube ta, bakinsa ya fara motsi.

"Kar ka ce min komai," in ji ta. Ta ce a asibiti in abin ɗaurin ƙafa ya yi wa mara lafiya yawa ba a jefar da shi, cika shi ake yi da auduga har ya kama. Shi ya ce wallahi ba zai sa almakashi a kayan nan ba. Ta ce wa ya ce ya yanka mata kaya, kalmasar zai warware.

Ya juya gefen rigar rawayar. Kalmasar da ya yi mata ta kai faɗin tafin hannu, an ninka ta har sau biyu, an ajiye don ranar da yarinya za ta yi tsawo a saki. Ba a taɓa saki ba, don kafin tsawon ya zo ta riga ta rantse ba ta ƙara sa ta. Ya sa reza ya tsinke zaren a hankali. Wajen rigar ya koɗe saboda wanki da rana, amma abin da ke cikin ninkin sabo ne fil, furannin suna ƙyalli kamar ranar da ya yanko yadin. Haka ya samu a wandon, haka a rigar Auta. Ya daɗe yana shafa yadin da yatsa, Sista kuma ta juya baya tana gyara tukunyar fure da ba ta buƙatar gyara.

Daga nan aiki ya koma hannun mai shi. Ya jawo ƙaramin keken da ke gida, ya yanke rarar kalmasar kawai, ya sake ninke gefen kowace riga siriri ya ɗinke, ya mayar wa Sista kayanta cikin jaka ba abin da ya same su. Rarar kuma ya ɗinka ta dogayen matasai ƙanana, ya cusa musu soson wani tsohon filo. Wannan karon jitar yake sawa a gurbi, ya auna abin da ya rage tsakaninta da katako, ya ja layi. Da allin ya fara zamewa waje, Sista ta kama masa wuyan hannu ta dawo da shi. Ya ce ko yatsa ɗaya ne ta bar masa. Ta ce ko rabi.

Gurbin babban ɗan ya sha ruwan ƙasa sama da ƙasa, na 'yar ya sha rawaya, na Auta ja da fari. Ya lanƙwasa kowane matashi ya bi bakin gurbi, ya kafe shi da ƙananan ƙusoshi ta baya inda ba za su karci jita ba. Saura gurbin farko, nasa, jakar kuma babu kayansa a ciki. Yana laluben kwandon ƙyalle sai Sista ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar rigar aikinta, fara, wadda ya ɗinka mata suna amare. Ta ce abokan aikinta sun yi shekara suna tambayarta ko da mara lafiya ake shiga rigar. Ta jefa masa a cinya ta ce ya yi sauri, ita tana da gado da za ta gyara.

La'asar sakaliya motar ta tsaya a ƙofar gida. Suka kamo Inna a hankali, tana dogara sanda tana yi wa matakalar ƙofa faɗa. Zai-girma ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata ya jiki da ya hanya. Ƙanin Sista kuwa ya shigo da igiya da kwalaye a hamata, yana washe baki, ya ce, "Yaya, ina majinyatan? An ce yau za a sallame su."

Aka nuna masa tsakanin firiji da ƙofa. Ga su nan su huɗu a tsaye ƙyam, kowace wuyanta a cikin launinta. Ya ce shi fa an ba shi labarin jiya a waya, ba za a rufe shi ba. Ya buɗe firiji ya maka ƙofar, ya buga ƙafa a ƙasa, ya kama gefen mazaunin ya girgiza har Sista ta ce in ya karya mata firiji shi za a kwantar. Ko tsirkiya ɗaya ba ta yi motsi ba. Inna da ke zaune a kujera ta miƙa sandarta ta taɓa rawayan yadin, ta ce ita ta san rigar nan, ba ita ce wadda jikarta ke tattarewa da hannu biyu in za ta yi gudu ba? Daga nan ta jingina sandar a gefen mazaunin ta ce nan ne wurinta daga yau. Ƙanin Sista ya sha ruwa ya kwashi kwalayensa, motar ta koma yadda shi bai so ba, wayam.

Sista ta ɗauki hoton abin a waya ta aika wa yaran, ba ta rubuta komai a ƙasa ba. Babban ɗan ya turo fuskar dariya. Auta ya tambayi wane kafinta ne ya yi wa Baba, don bai yarda ba. Ta tsakiya ba ta rubuto komai ba, sai ga wayar tana ringi. Sista ta duba ta miƙa wa mijinta.

Suka gaisa, yana jin muryar ƙaramar 'yarta a bayanta tana rigima.

"Baba, rigata ce a gurbi na uku?"

"Kalmasar ce kawai. Rigar tana wajen mamanki."

"Ita jitar fa, lafiyarta ƙalau?"

Ya ce tsirkiya ɗaya ce ta tsinke tuntuni.

"Ka sa mata sabuwa. Ƙarshen wata zan zo gaida Inna, ka koya min waƙar nan taka. Yanzu hannuna ya kai."

Daɗi ne ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa, ya tsaya yana gyaɗa kai kamar tana ganinsa. Ita kuma ta ci gaba, ta ce jikarsa ta ga hoton ta kafa kuka sai an ba ta tata, ko zai duba mata wata a kasuwa. Amma ƙarama, Baba, in ji ta, daidai ita.

Sista tana tsaye a bakin kicin ta kafe shi da ido, don ta ji komai.

"Daidai ita," in ji Zai-girma. Ya dubi yatsunsa uku da suka riga suka miƙe da kansu, ya tura hannun cikin aljihu, ya miƙa wa Sista wayar ya nufi durowar keke neman tsirkiya.